Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan Gidan Adana Kayan Yaƙi na Ƙasa, Umuahia, Jihar Abiya.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a, don mutanenmu na Arewa su ji.

Da mota muka taso daga Zariya, ni da Baffana, tsohon soja wanda ya yi yaƙin basasa a Runduna ta Ɗaya, zamanin da Kanar Muhammadu Shuwa yake riƙe da ita. Ya daɗe yana cewa a kai shi ya sake ganin wuraren kafin ƙafa ta gaza. Muka bi ta Makurɗi muka sauka Gakem, inda aka fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967. Daga nan sai Inugu, sai Abagana, inda a ƙarshen Maris 1968 sojojin Biyafara suka yi wa jerin motocin rundunar Murtala kwanton ɓauna, tankokin mai suka kama da wuta. Muka tsaya Uli, inda aka faɗaɗa titin mota ya zama filin jirgi, jiragen agaji daga tsibirin Sao Tome suna sauka cikin duhun dare.

Amma duk inda muka tsaya, kasuwa ce, ko gonar rogo, ko 'yan acaɓa suna ta kai-kawo. Baffa da kansa ya riƙa waige-waige yana cewa ba haka ya san wurin ba. Sai da muka iso wurinku muka ga abin da muka fito nema.

Ga jirgin ruwa NNS Bonny a tsakar gida, ga jiragen MiG-17 da Ilyushin na gwamnatin tarayya, ga ɗan ƙaramin jirgi irin wanda von Rosen, mutumin Suwidin, ya kawo wa Biyafara a 1969. Ga kuma motocin sulken da maƙeran Biyafara suka harhaɗa lokacin da aka toshe musu hanyar shigo da makamai. Baffa ya daɗe tsaye gaban Ogbunigwe, bam ɗin da su sojoji suke kira bokitin Ojukwu. Ya ce tunda aka gama yaƙi bai taɓa ganinsa a kusa ba, ƙararsa kawai ya sani da ɓarnarsa.

Babbar godiyata ga saurayin da ya zagaya da mu ce. Da ya ji ɓangaren da Baffa ya yi wa yaƙi, fuskarsa ba ta canza ba. Kujera ya ɗauko masa, yana ta kiransa Baba. Bai rage komai ba don ya faranta mana. Ya faɗi kisan Sardauna da Tafawa Balewa a Janairun 1966, ya faɗi kisan Inyamurai a garuruwan Arewa a wannan shekara, ya nuna mana hotunan yaran da yunwa ta kumbura wa ciki, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Muryar Biyafara ta riƙa watsa shirye-shirye. Na koyar da tarihi shekara da shekaru, na san faɗin wannan labari ba tare da ɗora wa ƙabila guda laifi ba aiki ne ja. Shi kuwa har tambayar Baffa yake yadda rundunarsu ta shiga Umuahia a Afrilun 1969, ya tsaya yana sauraro.

Da muka ce za mu je ramin Ojukwu, maɓoyar shugaban Biyafara ta ƙarƙashin ƙasa, wanda yake wata unguwa daban, ya rako mu har bakin mota, ya kwatanta wa direba hanya, ya kuma gargaɗe mu cewa matakalar za ta wahalar da dattijo. Haka kuwa aka yi, Baffa a sama ya jira mu.

Ina roƙon shugabannin makarantunmu da suke kai ɗalibai yawon buɗe ido su sa Umuahia cikin lissafi. Baffa ya ce in gaishe ku, musamman ɗansa mai kujera. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Malamin tarihi mai ritaya, Zariya.