Don Allah a daina fitar wa tsofaffin agoguna inji

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in faɗi wani abu da ya tsaya min a rai tun watan jiya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, yana da wani agogon hannu ƙirar Zenith El Primero na ƙasar Suwizalan, wanda ya sayo a Jidda lokacin da ya je aikin Hajji. Ko a lokacin ma ba sabo ba ne, na hannu ne, wani ya riga shi ɗaurawa har gefen ƙarfen ya ɗan goge. Da aka zo rabon gado sai ya faɗo a rabona, na jefa shi a durowa ya yi shekaru. Kwanan nan na ɗauko shi na yi mai wani, wato na murɗa kansa, ya ɗan yi tafiya ya tsaya, shi ne na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Yaron ya buɗe bayan ya leƙa, ko minti ɗaya bai yi ba ya ce Alhaji wannan injin ai ya mutu, bari in cire in sa maka na batir yanzu yanzu ka tafi da abinka. Na ce to ƙananan hannuwan nan uku na ciki fa, ya ce ai ado ne, sai a manne su. Har ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur ya nuna min, wallahi cike yake da injinan da ya ciccire daga agogunan mutane, sun yi tsatsa sun haɗe da juna. Jikina ya yi sanyi. Na ce rufe min kayana, na gode.

Ba zagin yaron nake ba, abin da ya tarar ana yi ke nan. Amma da ya san tarihin injin da yake shirin jefawa a gwangwani da bai yi saurin kai mai sukundireba ba. Kamfanin Zenith wani mutum Georges Favre-Jacot ne ya kafa shi a 1865 a garin Le Locle, can cikin tsaunukan Jura kusa da iyakar Faransa, garin da kusan kowane gida sana'arsa agogo. A 1969 suka fito da El Primero, yana cikin agogunan farko a duniya da suka haɗa abu biyu, yana yi wa kansa wani da motsin hannunka kuma yana da agogon auna gudu a ciki, wato waɗancan ƙananan hannuwan da aka ce min ado ne. Zuciyarsa tana bugawa sau 36,000 a awa, sau goma ke nan a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa in ka kara shi a kunne ba za ka ji tik... tik irin na batir ba, wani sauri za ka ji kamar ana yayyafi a kan kwano. Kuma duk wannan babu batir babu lantarki, sifirin ne kawai da ƙananan haƙora.

To a ƙarshen wannan shekarar ta 1969 ne kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko a kasuwa mai irin injin batir ɗin da ake kira quartz, kafin ka ce kwabo masu arha sun cika duniya. Masana'antun Suwizalan suka dinga rufewa, ma'aikatan agogo da suka kai kusan 90,000 a 1970 suka dawo wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Shi kansa Zenith a lokacin yana hannun wani kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a 1975 aka aiko da umarni daga can cewa a daina ƙera injin da ake yi wa wani, kayan aikin kuma a sayar da su a kilo kamar gwangwan.

A nan ne labarin yake taɓa min zuciya. Wani ma'aikaci Charles Vermot ya rubuta wa manyan takarda yana roƙo kar a yi haka, ba su saurare shi ba. Sai bawan Allahn nan ya dinga bin dare bayan an tashi aiki, yana kwashe kayan buga sassan injin da zane-zanen ɗaya bayan ɗaya yana hawa da su can saman rufin ginin, kowanne ya liƙa mai lamba ya rubuta a littafi, sannan ya toshe wurin. Da an kama shi aikinsa ne zai tafi. Kamfanin ya koma hannun 'yan ƙasar a 1978, bayan wasu shekaru mutane suka fara neman agogon wani kuma, shi ne Vermot ya kai manyan kamfanin ya nuna musu inda ya ɓoye kayan. Da kayan nan aka ci gaba da ƙera El Primero, har Rolex da kanta ta riƙa sayen injin tana ɗan sauya shi tana sa wa agogonta mai suna Daytona daga 1988 zuwa 2000.

Kun ga abin da mutum ɗaya ya sa wuyansa ya tsare, shi ne mu a nan ake cirewa cikin minti biyar a musanya da na roba. Kuma ba Zenith kaɗai ba, Omega da Rado da alhazanmu suka sha sayowa daga Makka nawa aka yi wa haka? In an cire injin ai fanko ya rage, ko sayarwa ka tashi yi ba mai saye da daraja.

Daga baya wani abokina ya kwatanta min wani dattijo a wani lungu, rumfarsa ba ta wuce faɗin tabarma ba. Na gaishe shi na ce Baba ga shi an ce ya mutu. Ya maƙala madubin nan a ido ɗaya ya daɗe shiru yana dubawa, sannan ya ce ɗana lafiyarsa ƙalau, mai ne ya bushe, ka ba ni sati biyu. Na koma na same shi ya baje sassan a kan farin ƙyalle, wasu sukurorin ba su kai ƙwayar gero ba, yana ɗiga mai da bakin wani abu mai kama da allura. Ranar da na karɓa na ɗaura, hannun daƙiƙa ya tashi yana sulalewa, sai da na tuna hannun mahaifina a kan sitiyari yana kai mu makaranta.

Roƙona ga duk mai irin wannan agogo a adaka, kar ka yarda a taɓa injin sai ka samu wanda ya iya, in ba ka samu ba gara ka adana shi haka. Masu shirya koyar da sana'o'i kuma don Allah a sa gyaran agogo a ciki, a nemo dattawan nan tun suna da sauran gani. Na tambayi Baba ko yana da yaran da yake koya wa, ya ce biyu ya yi duk sun koma gyaran waya. Ya ce in dawo da agogon bayan shekara biyar a sake mai mai, shi kuma yanzu ya haura saba'in.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
daga Kano