Yaranmu na kwafar amsa daga waya, a zo a taimaka masu

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ɗiyata tana SS2, ran nan aka ba su aikin gida na ikonomiks, wai su yi bayanin abin da ke sa farashi ya sauka in kaya sun yi yawa a kasuwa. Kafin in gama alwala har ta cika shafi da Turanci, ashe wata ƙawarta ce ta turo amsar a gurup ɗinsu na WhatsApp. Na ce to faɗa mani da Hausa me kika rubuta, wallahi sai ta sunkuyar da kai. Sai na ce mata, me ya sa gero ke araha da kaka amma in damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa tiya ta gagari talaka? Nan take ta ce "Baba ai da kaka kowa ya kai nashi kasuwa." Kun ji fa, yarinya ta san abin tun tuni, wanda zai haɗa mata shi da na littafi ne babu.

Turanci ne ya fi tada mani hankali don nan ni ma ƙarfina bai kai ba. Har yau tana rikita has da have, in kuma aka ba su labari su karanta su amsa tambayoyi sai ta nemo kalmar da ta yi kama da ta tambayar ta kwashe layin gaba ɗaya. Ga WAEC da NECO na tafe, ba waya a zauren jarrabawa, kuma in ba kiredit a Turanci to maganar jami'a ta tsaya. Lesin kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 iyaye da yawa sun haƙura da shi.

Roƙona ga ƙannenmu ɗaliban Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da na FCE Katsina da masu bautar ƙasa, ranar Alhamis da Juma'a ba Islamiyya, ku ba yaran unguwarku awa ɗaya bayan la'asar, kada ku yi masu aikin, ku warware masu da Hausa su rubuta da hannunsu. Ni dai zaurena a buɗe yake, akwai tabarmi, allo da alli kuma ni zan saya.

Naku,
Wani mahaifi daga Ƙofar Marusa, Katsina