Takardar koke kan bututun gas da zai ratsa Nijar

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tawa.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu talakawanka, makiyaya da manoma da masu sana'ar hannu na Tawa da kewaye, muna roƙon ka kai kukanmu gaban gwamna da ma'aikatar man fetur a Yamai.

Tun 2009 Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a Abuja kan shimfiɗa bututun gas daga Warri a kudancin Najeriya zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya. Tsawonsa ya haura kilomita 4,000, kusan 840 a cikin ƙasarmu, kuma an ce zai riƙa kai gas mita kubik biliyan 30 a shekara, akasari don Turai. Magana ta kwanta, aka sake tada ta a 2022. Duk a rediyo muke ji. Har yau ba wanda ya zauna da ardo ko mai gari ya buɗe masa taswira.

Ranka ya daɗe, kowace damina dabbobinmu na barin gonaki su haura Azawak, ta Abalak har Ingal wurin lasar gishiri. Abin da ya taso daga kudu ya nufi iyakar Aljeriya, dole ya gitta hanyar dabba. Lokacin aiki rami ne buɗe mai nisa; raƙumi in ya faɗa da dare, sai wuƙa. Bayan an binne kuma, ba a gina rijiya a kansa, ba a gini, ba a dasa itace. Gas ɗin a matse yake tafiya da ƙarfin gaske, in bututun ya tsage wuta ta kama, guga ba ya kashe ta, sai an rufe daga tasha. Makiyayin da ba ya karanta Faransanci, allon gargaɗi me zai gaya masa? Muna roƙon a bayyana hanyar tun kafin a kafa turke, a bar wa burtali mashiga, a yi shela da Hausa da Fulatanci da Tamashek. Diyyar gona da makiyaya kuma a yanke ta a gaban sarakuna, a biya kafin motar haƙa ta iso.

Kuka na biyu shi ya fi ci mana rai. A watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wuta, mun ga mai walda zaune ya riƙe haɓa, mai injin niƙa na mayar da mata da hatsinsu a ƙwarya. Mun san wannan gas ba na tukunyar girki ba ne, amma yana juya injin lantarki, yana kuma iya hura tandun masana'antar siminti irin ta Malbaza. Bai kamata ya wuce ta ƙarƙashin ƙasarmu ya haska biranen wasu, jihar Tawa tana cikin duhu ba. A rubuta kason Nijar a cikin yarjejeniya, a kuma fitar da reshe zuwa wannan jiha.

Muna jiran ranar da za ka ba mu, wakilanmu su zo fada su yi bayani baki da baki.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara.

Daga talakawanka na Tawa da kewaye.