Wasiƙa daga Atlanta kan Rabon Kwangilar Birni

Atlanta, Jihar Jojiya, Amurka.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya, na samu saƙonka inda kake tambayata yadda biranen Amurka suke shigar da kamfanonin mata da na tsirarun al'umma cikin kwangilolin gwamnati, tunda an saka ka a kwamitin da zai duba irin wannan batu a wurin aikinka. Na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake, domin aikina na lissafin kuɗi ya haɗa ni da masu ƙananan kamfanoni da yawa, kuma abin da na gani a wurinsu ya fi ƙarfin hirar waya.

Labarin ya fi kyau a faro shi daga wannan birni da nake zaune. A shekarar 1973 aka zaɓi Maynard Jackson magajin garin Atlanta, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera, a lokacin da baƙaƙen fata suka riga suka haura rabin mazauna birnin amma abin da kamfanoninsu suke samu daga kwangilolin birni bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ana shirin gina sabon ginin filin jirgin sama, aiki na ɗaruruwan miliyoyin dala, sai Jackson ya ce dole kashi 25 cikin 100 na aikin ya shiga hannun kamfanonin tsiraru, kuma duk babban kamfanin da yake son rabo sai ya yi haɗin gwiwa da ɗaya daga cikinsu. Manyan 'yan kasuwar garin sun tayar da jijiyar wuya, suna cewa babu baƙaƙen fatar da za su iya irin wannan aiki, shi kuwa ya tsaya kai da fata, ya gwammace aikin ya jira da a yi shi a bisa tsohon tsari. An buɗe ginin a 1980, kuma tun kafin nan rabon tsiraru a kwangilolin birnin ya haura kashi ɗaya bisa uku. Bayan rasuwarsa a 2003 aka ƙara sunansa a kan filin jirgin, wanda yanzu ake kira Hartsfield-Jackson.

Sai dai bayan haka kotu ta shigo cikin maganar. Birnin Richmond na Jihar Bajiniya ya yi dokar ware kashi 30 cikin 100 ga tsiraru, bisa hujjar cewa rabin mutanen garin baƙaƙe ne amma kashi 0.67 kacal na manyan kwangilolin gini ya je wurin kamfanonin tsiraru. Wani kamfani mai suna J.A. Croson, wanda ya rasa aikin saka kayan banɗaki a gidan yarin birnin, ya kai ƙara, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta soke dokar. Hukuncin, wanda Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta, ya nuna cewa yawan jama'a kaɗai ba hujja ba ne. Dole birni ya kawo shaidar cewa akwai kamfanonin da suka cancanta a yankinsa kuma ana tauye su. Tun daga nan kowane birni mai son irin wannan shiri sai ya fara gudanar da bincike, ya ƙirga kamfanonin da ke akwai a kowace sana'a, ya gwada da kuɗin da suka samu. Hukuncin ya jawo wahala da tsadar lauyoyi, amma a ganina ya tilasta wa birane abu mai amfani, wato sanin inda kuɗinsu yake tafiya. Ina ba ka shawara kwamitinku ya fara da wannan ƙidayar kafin ya ambaci kowane kaso.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda shi ne dalilin tsawon wannan wasiƙa. Kason da aka rubuta a doka, ko 25 ne ko 30 irin wanda birnin New York ya ɗora wa kansa, ba shi ne yake shigar da ƙaramin kamfani ba. Ina yi wa wata baiwar Allah lissafi, tana da kamfanin fenti da shimfiɗa tayil, tana da takardar shaidar cewa kamfanin na mace ne, kuma aikinta ba shi da makusa. Ta samu aiki a ƙarƙashin wani babban ɗan kwangila, ta sayi kaya da kuɗinta, tana biyan ma'aikatanta kowace Juma'a, amma kuɗinta sai hukuma ta biya babban ɗan kwangilar, shi kuma ya ga dama, sannan ya iso gare ta. Na zauna da ita a teburin ɗakin girkinta, takardun neman biya jere a gabanmu, tana lissafin ko ta ci bashin katin banki mai kuɗin ruwa mai nauyi ko ta sallami mutum biyu daga cikin ma'aikatanta. A rahoton hukuma an ƙirga ta cikin matan da suka amfana, alhali ita aikin ya kusa karya ta. Babban kamfani yana iya jiran wata uku saboda yana da jari da bankin da ya san shi. Ƙarami ba zai iya ba.

Haka kuma batun lamuni. A nan kafin a ba ka babban aikin gini na gwamnati sai ka kawo takarda daga kamfanin inshora wanda ya tsaya maka cewa idan ka kasa kammalawa zai biya, su kuma ba sa tsaya wa wanda bai taɓa yin babban aiki ba. Ka ga ke nan an rufe ƙofa ta ciki da waje. Biranen da suka yi da gaske su ne waɗanda suka taimaka wajen samun wannan lamuni, suka kakkarya manyan ayyuka zuwa ƙanana yadda ƙaramin kamfani zai iya neman aiki da sunansa kai tsaye, suka sanya wa'adin kwanakin da dole babban ɗan kwangila ya biya na ƙasa da shi, suka kuma bi diddigi su tabbatar an biya. Waɗannan abubuwa ba sa jan hankalin 'yan jarida a ranar ƙaddamarwa, amma su ne suke raba shirin gaskiya da na jeka-na-yi-ka.

Akwai kuma 'yan damfara, kuma na san wannan ba zai zame maka baƙo ba. Ƙa'idar ita ce mace ko ɗan tsiraru ya mallaki aƙalla kashi 51 cikin 100 na kamfanin kuma shi ne yake tafiyar da shi a zahiri. Sai ka ga mutum ya mayar da takardun kamfaninsa sunan matarsa, ko babban kamfani ya ɗauko wani ya ba shi ɗan lada don a ari sunansa. Shi ya sa masu tantancewa na kirki ba sa tsayawa ga takarda. Suna zuwa ofishin, su tambayi matar wane ne yake sa hannu a cek, nawa aka sayi motar aiki, wace kwangila ce ta fi ba ta wahala bara. Wadda take riƙe da kamfaninta za ta amsa ba tare da waiwayen kowa ba. Duk kamfanin bogi ɗaya da ya wuce, ya cinye rabon mace mai gumi, ya kuma ba masu adawa da shirin abin faɗa.

Ba na cewa ku kwafi tsarin nan yadda yake, domin ya taso ne daga tarihin bauta da wariyar launin fata, kuma namu matsalolin daban ne. Amma jinkirin biya da rashin jari da aron suna duk mun san su a gida, kuma Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta Najeriya ta 2007 ta riga ta tanadi kuɗin kafin alƙalami, wanda idan aka sauƙaƙa sharuɗɗansa ga ƙananan kamfanoni zai rage musu nauyi sosai. Kenya ma ta ware kashi 30 cikin 100 na sayayyar gwamnati ga mata da matasa da masu buƙata ta musamman tun 2013, kuma zai yi kyau ku nemi waɗanda suka san yadda abin ya gudana a can, tunda yanayinsu ya fi kusa da namu.

Idan ka samu hali, ka aiko mini da jerin kwangilolin da kuka bayar a shekara biyun da suka wuce, da sunayen masu kamfanonin, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a biya kowanne, sai mu duba tare kafin zaman kwamitinku. Ka gaida mini Hajiya da yara, da dukkan abokan arziki.

Wassalam,
Naka amini.