Zuwa ga Mamana, kan maganar lilon waya

Tudun Wada, Kaduna
Daren Laraba

Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya Ikko, ya bautar ƙasa? Mu nan lafiya lau, sai zafi da sauro. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin zaure. Ummanku tana gaishe ki, ko da yake har yanzu ba ta huce ba.

Kin san ni ba mutumin rubutu ba ne. Na zauna rubuta wannan ne don in na kira ki a waya za ki yi dariyar nan taki, ki ce "Kai, Abba!", ni kuma in sauko, in manta rabin abin da na shirya faɗa. Takarda ba a yi mata dariya ta sauko.

Ranar Lahadi bayan la'asar Gwaggonki ta Kawo ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini waya, ta ce, "Yaya, ka ga 'yarka a sama?" Na sa tabarau na duba. Sai ga ki a kan wata siririyar gada a saman itatuwa, gadar tana rawa, ke kina ɗaga wa mai ɗauka hannu. Na tambayi Auta me ya sa ni ban gani a tawa wayar ba. Ya yi ta sosa ƙeya, da ƙyar ya ce ai kin cire ni da Ummanku daga masu ganin abin da kike ɗorawa a WhatsApp. Gwaggo kika manta ba ki cire ba. Ba zan ɓoye miki ba, wannan ya fi ganin gadar yi mini ciwo. Ni ne fa na tsaya gaban yayyena biyu lokacin maganar Zariya, ni na sake tsayawa da takardarki ta fito Legas kowa yana cewa a nemi a dawo da ke gida. Kin san abin da aka faɗa mini a ɗakin Hajiya ranar, kin kuma san amsar da na bayar. Yau ni ake ɓoye wa?

Gadar kanta ba ni da wata doguwar magana a kanta. Auta ya duba mini, ya ce ta gandun dajin Lekki ce, tsawonta mita 401, an buɗe ta a 2015, kuma na gani da idona akwai raga hagu da dama har sama da ƙugu. Wanda ya taka a hankali zai sauka lafiya, sai dai birai su ƙwace masa biskit. Abin da ya hana ni barci kwana uku shi ne ɗan rubutun da kika sa a ƙasa, cewa saura lilon waya ranar Asabar ta sama. Da kuma bidiyo na biyu na ƙawarki, wanda ya nuna wurin da za ku: dandamalin katako a ɗaure a wuyan itatuwa, mutum ya taka gungumen da ke lilo, ya rarrafa cikin raga, ya bi ta kan waya guda ɗaya tilo kamar ɗan wasan tsafi, a ƙarshe a rataye shi a jikin waya ya sulale daga wannan itace zuwa wancan yana ihu. Wai kuma da kuɗinsa.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ke ga shi kin hau abin da ya yi tsawon rimi, kuma har yanzu ba ki hango ba. Bari in gaya miki abin da na hango.

Shekara 28 na yi ina hawan falwaya. Da wannan hawan na ciyar da ku, da shi na biya kuɗin makarantarku. Saboda haka kada ki ɗauka tsoron tsayi ne irin na tsoho da bai taɓa barin ƙasa ba. Na san bel, na san igiya, na san ƙugiya, na san ƙarar da ƙarfe yake yi in ya kama da kyau da wadda yake yi in bai kama ba. A duk shekarun nan ban taɓa ganin bel mai lafiya ya tsinke da mutum ba. Wanda na gani ya faɗo, ya faɗo ne a daidai lokacin da ya kwance ƙugiya daga nan zai maƙala ta can. Tsakanin kwancewa da maƙalawa, nan ne kawai mutum ba ya ɗaure da komai sai hannunsa, kuma hannu yana gumi.

Kin san Baba mai alawa, wanda ake turo shi a keke duk Sallah ya zauna a ƙarƙashin mangwaron gidanmu. Tun kuna yara kuka gan shi a haka, ba ku taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Shekara biyu kafin a haife ki, shi ne ya fi kowa iya hawa a cikinmu. Shi ya koya mini. Ran nan muna aiki a wata unguwa can ƙetaren kogi, falwaya ƙarama ce, mai ƙafa 28, wadda muke hawa sau goma a yini. Ya kai wurin ƙarfen gicciye, sai ya kwance bel don ya tsallake shi ya sake ɗaurawa a sama. Igiya ta biyu tana nan a ƙugunsa tana reto, bai maƙala ba, don abu ne na ƙiftawar ido kuma ya yi shi sau dubu. Wani yaro a ƙasa ya kira sunansa, ya waiwayo yana murmushi. Shi ke nan. Ni nake riƙe da tsani. Daga wannan tsayi zuwa ƙasa daƙiƙa ɗaya ce da ɗan ɗori, ko salati ban ƙarasa ba. Tun ranar bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Ba wuta ce ta ja shi ba, an kashe layin. Ba kayan aiki ne suka ci amanarsa ba. Waiwaye ne.

Da na ga kina ɗaga wa mai ɗaukar hoto hannu a kan gadar nan, wannan waiwayen na gani.

Na sa Auta ya nuna mini yadda kayan irin waɗannan wurare suke, kuma gaskiya sun fi namu na da nesa ba kusa ba. Bel ɗin yana kama ƙugu da cinyoyi, wani har da kafaɗu. Ƙugiyoyin ma masu kyau ne. In kin duba jikin ƙugiya za ki ga an buga lamba, galibi ashirin da wani abu, da haruffa kN a gefe. Ma'anarsa tana iya riƙe nauyin da ya haura tan 2 in bakinta a rufe yake. In bakin ya zauna a buɗe, ƙarfin yana komawa kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ba a maƙalawa a tafi, sai an ji ta ce ƙaras, an kuma taɓa da yatsa an tabbatar. Amma abin da nake so ki fahimta shi ne wuraren iri biyu ne. Akwai inda ake zura miki ƙugiya a waya tun daga ƙasa, kuma ba ta fita sai kin sauko, ko waɗanda ƙugiyoyinsu biyu ke haɗe ta yadda ɗaya ba ta buɗuwa sai ɗayar ta kulle. Akwai kuma inda za a ba ki ƙugiya biyu a sake, a yi miki bayani na minti goma, a ce duk inda kika isa jikin itace ki ɗauke ɗaya ki maƙala gaba, sannan ki ɗauke ta biyu. Wannan na biyun shi ne falwayar Baba mai alawa, an dai yi mata fenti an sa mata kuɗin shiga. A hanya ɗaya za ki yi wannan canjin sau da yawa, kina haki, hannu na rawa, ƙawaye na ihu a bayanki su ce yi sauri, wata a ƙasa tana cewa juyo in ɗauke ki. Sau ɗaya kawai ake buƙata ki ga ƙugiyoyin nan biyu a hannunki lokaci guda.

Ke kuma na san ki. Ke ce kika sako hannu biyu daga reshen mangwaro don ki nuna wa yayanki kin fi shi, tabon yana nan a haɓarki. Ke ce a Ƙofar Gamji, yaran mutane suna riƙe da hannun iyayensu a kan gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, kika fizge kika ruga. Mahaifiyata da kika ci sunanta haka take, Allah Ya ji ƙanta, ba ta san a hankali ba. Ina alfahari da wannan zuciyar, amma ita nake tsoro.

Sai maganar mayafi, wadda Ummanku ce ta fara hango ta. A kan lilon, abin da ke ɗauke da ke wata 'yar taya ce ta ƙarfe da ke gudu a kan wayar, dab da saman kanki. Duk abin da iska ta kaɗa ya shiga tsakanin tayar da wayar, gashi ne, gyale ne, igiyar hijabi ce, tayar ba ta san tsayawa ba, za ta naɗe shi, kuma abin yana zagaye da wuyanki. A wurin aikinmu ko carbi ba a barin mutum ya rataya a wuya ya hau. Ban ce ki cire lulluɓinki ba, kada ma ki fara. Ki sa ƙaramin hijabi mai kama kai, ki cusa bakinsa cikin riga, hular kwano a sama. Kuma ko ki ji kamar za ki kife, kada ki kai hannu ki kama wayar a gaban tayar, yatsu take ci. Ummanku ta ƙara da cewa wa zai ɗaure miki bel ɗin a cinya? In babu mace a ma'aikatan, ki ce a nuna miki ki ɗaure da kanki, su duba da ido. Ba ƙauyanci ba ne.

Wallahi abin yana ba ni mamaki. Yaran da ake horarwa a makarantun soja na NDA da Jaji suna hawan igiya ne don aikinsu ya ce su hau. Waɗanda ake kaiwa tsaunukan Shere a Jos horo ake ba su. Ke ma kin yi naki a sansanin bautar ƙasa, kin aiko da hoto cikin farin wando duk ƙura, ban ce komai ba don dole ce. Mu mun hau don tuwo. Ku kuma za ku cire kuɗi daga ɗan alawus ɗin da ba ya kai ku ƙarshen wata, ku sa hannu a takardar da ke cewa in wani abu ya faru kun yarda da kanku, don kawai a ga hoto. Za ki ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na sani, na riga ki sani. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma in kika faɗo a Legas, wa kike da shi? Daga nan zuwa can tafiyar yini guda ce cur a mota, in hanya ta yi kyau. Kin taɓa tunanin yadda Ummanku za ta yi wannan yinin a kujerar mota?

Na yi zafi. Bari in sha ruwa.

Jiya na je wurin Baba mai alawa, ban ce masa ke ce ba, na ce 'yar wani aboki. Na ɗauka zai taya ni faɗa. Sai ya yi shiru, ya ce shi abin da yake kewa har yau shi ne iskar sama da sassafe, lokacin da gari bai tashi ba, kana hango rufin gidaje har bakin kogi. Ya ce a bar yarinya ta sha iska, a dai gaya mata kada ta waiwaya. Na dawo gida ban ji daɗin amsar ba, amma ban sami abin musawa ba, don ni ma na san wannan iskar.

Saboda haka ban hana ki ba. Da na hana, na san za ki bari, kuma na san za ki ƙara cire ni daga wasu abubuwan. Ga abin da nake so. In kun isa, kafin ki biya ko sisi, ki tambaye su wane irin ƙugiya suke da shi. In irin mai fita biyu ne a sake, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, ki tsaya a ƙasa ki riƙe wa ƙawayenki jaka, ba wanda ya taɓa mutuwa don an kira shi matsoraci. In kuma kin ga dole sai kin hau, to ɗaya bayan ɗaya, bakinki yana faɗa hannunki yana yi, kuma wayarki tana ƙasa a cikin jaka. Ki dubi wayar ƙarfen da idonki, iskar teku tana cin ƙarfe, in kin ga tsatsa ko zare ya tashi ki juya. Ki tambaye su in mutum ya maƙale a tsakiya wa ke zuwa ɗauko shi, kuma cikin minti nawa, don daɗewa a rataye cikin bel shi ma yana sumar da mutum. In hadari ya haɗo ko kin ji tsawa ko daga nesa ne, ki sauko, ƙarfe a saman itace ba wurin zama ba ne, wannan kam sana'ata ce.

Na ba direban nan na tashar Mando saƙo, zai iso ranar Juma'a in Allah Ya so. Akwai kilishi da dakakken yaji daga Ummanku, duk da fushin. A ƙasan ledar akwai safar hannuna ta fata, wadda na ajiye tun da na bar aiki. Za ta yi miki yawa, ki naɗe bakin. Ki kira ni kafin ki hau, ki kira ni da zarar ƙafarki ta taɓa ƙasa, ba sai kin koma masauki ba. Zan kasance a zaure, waya a hannu.

Kuma ki mayar da ni cikin masu gani.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki.

Mahaifinki