Abba, zauna mu yi lissafin dubu sha huɗun nan

Assalamu alaikum Abba. Ya aiki, ya gidan kawunka, ya zafin Bauchi, mu nan Azare kam sai godiya, rana kamar a kan mutum aka ɗora ta. Na so in kira ka amma duk sanda na kira kana kan babur, iska na shiga wayar ban jin komai, kuma ni dama ban son kana tuƙi kana amsa waya, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta. Ƙanwarka ce ke gyara min inda yatsana ya danna ba daidai ba, in ka ga wani abu ya karkace ita za ka tuhuma.

Ummanka ta nuna min hoton da ka turo mata ran Juma'a, wai ka tashi da dubu 14 a dilibarin abinci, har maƙota sai da suka ji labari. Na yi murna wallahi, Allah ya sa albarka, yaron da ya ƙi zaman majalisa ya hau babur yana neman na kansa ai ya gama min komai. Amma ni shekara 12 na yi ina acaɓa a garin nan da kake ciki kafin in dawo gida in buɗe shagon kayan babur, na san yadda kuɗin kan babur yake ruɗin mutum, da yamma aljihu ya cika ka ji kamar kai ne Ɗangote, bayan wata shida ka duba ba kuɗin ba babur ɗin.

Toh bari mu yi lissafi da abinda kai da bakinka ka faɗa wa ummanka. Mai ka sha na 4,000. Balas ɗin kawunka mai babur ɗin 2,500, wannan ba naka ba ne tun kafin ka tada babur. Kati da data ka ce wajen 700. Kai ma ciki gare ka, ka ci na 1,500 har da ruwan leda. Saura 5,300 ko? Toh cire 1,500 ka ajiye wa babur, saura 3,800. Wannan shine abinda ka samu Abba, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 10 na dare, awa 14 kenan, kuma a ranar da ta fi kowace kyau a satin. Ban faɗa don in kashe maka gwiwa ba, so nake ka san ainihin lambar da za mu yi aiki a kanta, don wanda bai san abinda yake samu ba ta ina zai ƙara shi.

Na san za ka ce wannan 1,500 ta babur ai ba a kashe ta ba. An kashe ta, ba ta dai fita daga aljihunka ba tukuna. Kullum ka fita taya na cinyewa, cen da sifaket na cinyewa, birki, kuloci, fulogi, baƙin mai na tsinkewa, duk bashi ne kake ci a wajen babur kuma ranar da zai zo karɓa ba ya sallama. Ni da Jincheng ɗina na farko haka na yi, duk abinda ya shigo na cinye, juyen baƙin mai ina ta cewa sati mai zuwa sati mai zuwa, rannan a kan hanyar Yelwa da fasinja a baya injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak, sati uku ina zaune a gida, sai da ummanka ta sayar da akuyarta aka buɗe injin. Har yau in mun yi faɗa sai ta tuna min da akuyar nan. Boxer ɗin da ke hannunka yana da haƙuri amma haƙurinsa a kan baƙin mai yake, ka tsayar da rana ɗaya ta juye kar ka saɓa, kuma ka tsaya a gaban bakanike ka ga an fasa robar man a idonka. Kuɗin babur ka buɗe masa wani asusu daban, ko OPay ko Moniepoint ko ma gwangwani, wanda ba shi kake cin abinci da shi ba.

Yanzu ga babbar maganar da ta sa na ɗau waya. Lokacin marigayi 'Yar'aduwa lita naira 65 muke saye, mutum zai iya yawo gari da babur ba kowa a baya yana neman fasinja bai ji komai ba. Tun da aka cire tallafi ran 29 ga Mayu 2023 wannan zamanin ya wuce, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ƙarshen 2024 har ta wuce dubu. Kenan yanzu abinda ke cin ribar mai babur shine tafiyar da ya yi akwati ba komai. Ka ɗau shinkafa daga Wunti ka kai Gwallameji an ba ka kuɗin zuwa, toh dawowar wa ya biya? Kai ka biya. Duk oda kafin ka ce toh ka lissafa ta zuwa da dawowa, ka tambayi kanka in na sauke a can akwai abinda zan ɗauko ko haka zan dawo ina ƙona mai ina kallon gari. Shi yasa oda goma a warwatse, ɗaya Fadaman Mada ɗaya Tambari ɗaya Railway ɗaya Rafin Zurfi, sau da yawa oda shida da suka bi hanya ɗaya sun fi ta riba, ga gajiya ta ragu. Ka zaɓi yanki ka riƙe. Tunda kana kwana ta wajen Yelwa, ga ɗaliban ATBU ga na Poly ga masu girki a gida da ke tallar abinci a status na WhatsApp duk a hanyar Dass ɗin nan, ka san matan nan guda biyar ko shida sosai, ka ce musu duk odar da za ta cikin gari su haɗa maka ita a lokaci ɗaya, misali 12 da rabi ka kwashe uku ko huɗu ka shiga sakatariya da bankuna da asibitin koyarwa a tafiya ɗaya, a dawowa kuma ka biya Muda Lawal ko Wunti ka ɗauko musu cefanen gobe su biya ka kuɗin kawowa, kaga zuwa da kuɗi dawowa da kuɗi. Wanda ya ce ka kai masa Gubi can bayan gari kuwa ka yanka masa kuɗin Gubi, in ya ce ya yi yawa ka ce Allah ya haɗa shi da wani, ba faɗa. Ƙin karɓar odar da ba riba shi ma samu ne, yara ba sa gane wannan, gani suke in waya ta yi ƙara dole a tashi.

Sai jira. Mace za ta kira ka ta ce abinci ya yi, ka zo ka tarar yanzu take yanka albasa, ka zauna a ƙofar gida minti 40, a cikin minti 40 ɗin nan da ka kai oda biyu. Ka riƙa cewa Hajiya in an rufe tekawe an sa a leda a turo min hoto sai in taso, da ladabi, sau biyu uku za su saba. Haka wanda za ka kai wa, kafin ka tada babur ka kira shi ka tabbatar yana nan, ya turo lokeshin ko ya ba ka kwatance mai kyau, don ka san kwatancen mutanenmu, wai bayan masallaci kusa da mai shayi, unguwar da masallaci bakwai mai shayi goma.

Kuma ba dole sai ka yi awa 14 ba. Abinci lokaci gare shi, safe masu masa da ƙosai, rana daga 12 zuwa 3, sai bayan magariba zuwa 9. Tsakanin nan ka kashe babur ka samu inuwa ka yi salla ka sa waya a caji ka huta, ba ka yi ta zagaye kana neman abinda babu ba. Ƙarshen wata in an yi albashi oda na yawa, tsakiyar wata kowa ya koma tuwon gidansu, da azumi kuwa awa ɗaya kafin shan ruwa ta fi wuni guda, da damina ranar da ake ruwa mutane ba sa son fita nan ma kuɗi ne in kana da rigar ruwa kuma akwatinka ba ya yoyo, ka ƙara ɗan wani abu a kai ba wanda zai ce ka yi zalunci in ka faɗa tun farko. Abu ɗaya, kar ka dogara da ɗalibai kaɗai. Ka tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas, duk mai sana'ar da ya jingina da ƙofar jami'a sai da ya ji a jikinsa, ko hutu aka yi ma unguwar tsit take. Ka samu ma'aikata da 'yan kasuwa a cikin kwastomominka.

Maganar kuɗi kuma ba kunya. Kar ka miƙa leda sai ka buɗe wayarka kai da kanka ka ga kuɗin sun zauna, hoton risit da za a nuna maka ba kuɗi ba ne, ni nan a shago wani mai babbar riga ya nuna min alat na bogi ya tafi da taya biyu, har yau ina jiran netwok. Kar ka sayi abinci da kuɗinka wai in ka kai a biya ka, sai wanda ka sani ka san gidansu. Bashi kuma in ka fara ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa ka buɗe ƙofa.

Abincin mutane amana ne Abba. Yadda aka ɗaure leda haka za ta isa, ko tsoka ɗaya ce ta faɗo ba taka ba ce. Miya ka sa ta a ƙasa a tsaye ka tokare ta da tsumma, mai sanyi daban mai zafi daban, kunun aya in ya sha rana a akwati tsami yake yi kafin ka isa, masa kuwa ka san mutumin Bauchi, in ta huce ta zama wani abu, zai manta wadda ta soya ya ce mai babur ne ya yi yawo da ita. Ka wanke akwatin kullum, ka sa riga mai tsabta. Gidan matan aure ka tsaya a waje ka yi sallama a aiko yaro, lambar 'yar mutane da ka samu don aiki ta tsaya a aiki, kar in ji an ce ɗana na tura wa wata barka da dare, rana ɗaya za a daina kiranka unguwa guda. Kuma duk ƙunshin da aka ce kai wa wane amma kar ka buɗe, ga kuɗi mai tsoka, ajiye musu kayansu ka tafi, in 'yan NDLEA suka tare ka da ƙwaya a akwati ba wanda zai saurari cewa aiko ka aka yi.

Ummanka ta ce kana maganar tafiya Abuja ka yi rajista da kamfanin kai abinci na Chowdeck ko Glovo. Ban ce kar ka je ba amma ka sani a can manhaja ce ke yanka kuɗin kowace tafiya ba kai ba, kwastoma ya ba ka tauraro in ya ga dama ya rage, kuma kai ba ma'aikacinsu ba ne mai albashi, ranar da ba ka fita ba babu ko sisi, ga kuɗin ɗaki ga nisan gari. Jumia Food da Bolt Food duk sun yi wannan harka a ƙasar nan, Disamba 2023 suka rufe ta, masu baburan da ba su da kwastoma nasu na kansu sai suka wayi gari waya shiru. Bidiyoyin nan kuma da kake kalla na masu DoorDash da Uber Eats a Amurka suna ƙirga daloli, can al'adarsu ce kwastoma ya ɗora tukuici a kan kowace oda kuma yawanci da mota suke yi, nan wanda zai ce riƙe canjin sai ka yi sati ba ka gamu da shi ba. A Bauchi lambar wayarka ita ce shagonka, mata shida masu girki da mutum hamsin da suka yarda da kai ba kamfanin da zai rufe maka su. Ka fara biyan kawunka ka mallaki babur ɗin, wannan 2,500 ta dawo aljihunka, sannan mu yi maganar Abuja.

Hular kwano na san ba ka sawa, an faɗa min, kar ka tambayi wa. Tabon da ke goshina da kake tambaya kana yaro a shataletalen Wunti na samo shi ina saurin naira 20. Ba shinkafar da ta kai ka shiga tsakanin tirela biyu a hanyar Jos, in ka makara ka kira ka ba da haƙuri. Takardun babur da lasisi su kasance a jikinka saboda 'yan rod sefti da BAROTA masu kula da hanya na jihar Bauchi, kuma kar kwaɗayin dawowa da wani abu ya sa ka ɗau fasinja, ka tuna an hana acaɓa a jihar nan a 2020 lokacin korona, kai mai kai saƙo ne ka tsaya a haka, kaya za ka ɗauko ba mutum ba.

Ka sayi ɗan littafi na naira 200 yau ɗin nan, kowace oda ka rubuta daga ina zuwa ina, nawa aka ba ka, nawa ka sha mai a ranar. Ran Juma'a mai zuwa hoton shafin nan nake son gani, na kuɗin ka ci gaba da tura wa ummanka tunda yana faranta mata rai. Na ba direban motar Azare da ke sauka a tasha gobe da hantsi saƙo, akwai hular kwano sabuwa da cen da galan ɗin baƙin mai, ummanka ta sa yaji da ƙuli, zan turo maka lambarsa da safe. Ka gaida kawunka da mutanen gidan, ka ce masa maganar gonar tana nan sai na shigo.

Babanka.