Makokin Valenzuela a Amurka, da yadda namu gwanayen ke tafiya ba labari

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan mutuwar wani ɗan wasa da na tabbata yawancin masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba. Sunansa Fernando Valenzuela, ɗan ƙasar Meziko. Ya mutu ranar 22 ga Oktoba, 2024, a birnin Los Anjelis na Amurka, yana da shekara 63. Wasansa besbol ne, wanda ba a yi a wajenmu: mutum ɗaya ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri iya ƙarfinsa, abokin hamayya ya tare ta da kulki, in ya same ta ya ruga da gudu. Valenzuela mai jifa ne, kuma bahago.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, dattijon da ke fama da yankan gero da kakkaɓar riɗi a ƙasar Gumel ina ruwansa da besbol. Ɗana ne ya zo gida daga makaranta, ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Mutane ne cike a ƙofar filin wasan Dodgers, ƙungiyar besbol ta Los Anjelis da ya yi wa wasa, tsofaffi da yara, sun tara furanni da kyandirori da tutocin Meziko, kowa sanye da riga mai lamba 34, lambar da marigayin yake sawa, wani ƙaton mutum mai furfura yana share hawaye da hularsa. Na sa yaron ya nemo mini tarihin mamacin, na sa tabarau na karanta, kuma tun daga nan maganar ta ƙi barin raina.

Ɗan ƙauye ne. An haife shi ranar 1 ga Nuwamba, 1960, a wani ƙaramin gari da ake kira Etchohuaquila a jihar Sonora, iyayensa talakawa manoma, shi ne auta cikin 'ya'ya 12. Dodgers ta sayo shi daga Meziko a 1979 a kan dala 120,000. A ranar buɗe kakar wasa ta 1981 wanda aka shirya zai yi jifa ya ji rauni, sai aka miƙa wa wannan yaro ɗan shekara 20 ƙwallo, yaron da ko Turanci bai iya ba. Ya hana ƙungiyar Houston cin ko maki ɗaya. Ya ci wasanni takwas na farko a jere, a biyar daga cikinsu abokan hamayya sun tashi ba ko ɗaya. A wannan shekarar ya haɗa kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa da kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa a shekara guda, sannan ƙungiyarsa ta doke ƙungiyar Yankees ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka. Har fadar White House aka gayyace shi cin abinci lokacin da Shugaba Reagan ya karɓi baƙuncin shugaban Meziko. Jikinsa ba irin na 'yan wasan da ake zanawa a allo ba ne, kakkaura ne mai ɗan tumbi, kuma in zai yi jifa sai ya ɗaga ido sama kafin ya saki ƙwallo. Mutanensa suka laƙaba masa suna Bijimi.

Amma gwaninta kaɗai ba ta sa ƙato kuka bayan shekara 43. Akwai tsohon ciwo a ƙarƙashin filin nan. Wurin da aka gina shi, Chavez Ravine, unguwa ce ta talakawa 'yan asalin Meziko, aka tashe su a shekarun 1950, na ƙarshensu da ƙarfin hukuma aka fitar da su a 1959, aka buɗe filin a 1962. Da yawa daga cikin mutanen suka ƙaurace wa wurin shekara da shekaru. Mu da muka ga yadda ake karɓe gona a ce za a yi aikin gwamnati, ba sai an yi mana bayanin wannan ɓacin rai ba. Zuwan Valenzuela ne ya dawo da su. Leburori da masu wanke-wanke da masu aikin lambu suka ga mai kama da su, mai magana da harshensu, yana tsaye a tsakiyar fili Amurka duka tana kallonsa. Daga nan suka cika filin, har yau kuma ba su fasa ba.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni shi ne na rediyo. Daga 1959 har 2022 akwai wani mai sharhi ɗan Ekwado, Jaime Jarrín, da ke kawo wasannin Dodgers da harshen Sifaniyanci, kuma shi ne ya riƙa yi wa Valenzuela tafinta a gaban 'yan jarida a 1981. Da hannun Valenzuela ya gaji, ƙungiyar ta sallame shi a 1991, ya zagaya wasu ƙungiyoyi har 1997. A 2003 sai ya dawo gida, ya zauna kusa da tsohon tafintansa a ɗakin sharhi, ya shafe fiye da shekara 20 yana ba mutanensa labarin wasa da harshen da suka sha a nono. Wanda ya kalle shi yana saurayi ya tsufa yana jin muryarsa, jikan da bai ga jifansa ba ya tashi da muryar a cikin gida. Sai a ƙarshen watan Satumba na shekarar da ya mutu ciwo ya tashe shi daga kujerar.

Duk mutumin karkara ya san abin da murya a rediyo take nufi. A garinmu wuta sai ta ga dama, gidan kallon ƙwallo kuwa sai da kuɗi da man janareta. Abin da muke da shi shi ne akwatin rediyon mai shayi, wanda murfin batirinsa ya ɓace tuntuni aka ɗaure da robar tayar keke, eriyarsa kuma an ƙara mata tsawo da waya an maƙala a reshen darbejiya. In ana sharhin ƙwallo da Hausa, za ka ga mutum ya tsaya da kofin shayi a hannu bai kai baki ba, yana jiran mai sharhi ya sauke numfashi. Tsohon da bai taɓa taka Kano don kallon wasa ba sai ya ba ka labarin yadda aka zura ƙwallo har da nuna maka da ƙafa. A 2009, shekarar da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe, a gindin bishiyar nan muka sha murna, yara suka yi ta zagaya gari da gwangwani. Waɗanda suka kawo mana irin waɗannan labarai cikin harshenmu, shekara da shekaru, da albashin da bai taka kara ya karya ba, wa ya san inda suke yau?

Ga abin da Dodgers ta yi. Al'adarta ita ce ba ta jingine lambar ɗan wasa, wato ta daina ba kowa ita don girmama shi, sai wanda ya shiga zauren gwarzayen besbol na ƙasa, in ban da mutum ɗaya da aka yi wa alfarma a baya, kuma Valenzuela bai shiga zauren ba. Duk da haka tun da ya bar ƙungiyar ba a ƙara ba kowa lamba 34 ba, magoya baya kuma suka yi ta matsa lamba. A ranar 11 ga Agusta, 2023, aka yi biki aka jingine lambar a hukumance, yana tsaye da ƙafafunsa, matarsa da 'ya'yansa a gefensa, yana jin tafin da kunnensa. Wata 14 bayan haka ya mutu. Da an ce a bari sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, da gawa za a karrama. Ya mutu saura kwana uku a fara World Series tsakanin Dodgers da Yankees, ƙungiyoyin da rabon da su haɗu a wannan mataki tun 1981 ɗin nan. 'Yan wasan suka buga da lambarsa liƙe a rigunansu, suka ci kofin, aka yi zagayen murna a gari ranar 1 ga Nuwamba, ranar da zai cika shekara 64.

Mu kuma fa? Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi, a nan ya fara ƙwallo. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994 a ragar Bulgeriya, ya riƙe raga yana kuka duniya na kallo, kuma ƙwallaye 37 ya ci wa ƙasar nan. Ya ƙare rayuwarsa a Ibadan a keɓe, cikin halin da bai kamata ba, ya rasu a watan Mayu na 2012. Sai bayan an binne shi manya suka fara jera jawabai. Allah ya jiƙansa da rahama. In haka ta faru da wanda duniya ta sani, ina ga wanda sunansa bai wuce masarauta ɗaya ba.

Akwai wani bawan Allah a yankinmu, ba zan kama sunansa ba don iyalinsa ba su ba ni izini ba. Ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa, ya yi kisa a fagage da dama daga nan har cikin Nijar. Da ƙarfi ya ja baya sai ya koma mai shela a damben kaka. Lasifikarsa ta hannu ce, mai tsatsa a baki, yakan buga ta da tafin hannu in ta shaƙe. Kafin makaɗa su ɗora kalangu zai faɗi ɗan damben da zai fito, da ubangidansa, da ɓangarensa, Kudu ne ko Arewa ko Guramada, da wanda ya kashe bara da turmin da aka yi kisan. Ba takarda a hannunsa, duk a ka yake. In yaro ya sha kaye yakan yi masa magana mai daɗi a lasifika don ya fita fage da mutuncinsa, kuma na sha ganin ya kashe rigimar da ta kusa zama faɗan gari da gari da kalma biyu. Mata da ke cikin gida ta bakinsa suke sanin abin da ake ciki, domin muryarsa tana tsallake danga. Ciwon ƙafa ya kwantar da shi damina biyu. Masu zuwa duba shi ba su da yawa, kuma da ya cika aka yi masa sutura aka kai shi, Allah ya gafarta masa. Da na nemi ko kaset ɗaya mai muryarsa don jikokinsa, ban samu ba. Na je har wani gidan rediyo da suka taɓa ɗaukar damben garinmu, aka ce mini tsofaffin kasakasan ruwa ya lalata wasu, wasu kuma an goge an ɗora wani shiri a kai. Tarihin damben yanki guda na kusan shekara 40 ya bi shi kabari.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba ina cewa mu kwaikwayi kunna kyandir da tara furanni a bakin titi ba. Wannan al'adarsu ce, mu muna da tamu, kuma tamu ta ishe mu: sallar jana'iza, zaman ta'aziyya, addu'a, sadaka, da duba marayun da aka bari. Ina yi wa iyalan Valenzuela da masoyansa jaje a matsayina na ɗan Adam. Abin da nake so mu ɗauka daga wurinsu shi ne sun san darajar mutumin tun yana da rai, sun ba shi aikin da ya dace da shi bayan ƙarfinsa ya ƙare, kuma sun adana wasanninsa da muryarsa, har ga shi yaro a ƙauyen Jigawa ya danna waya ya ga jifan 1981. Babu abin da addini ko al'ada suka hana a cikin wannan. Yaranmu sun haddace sunayen 'yan wasan Arsenal da Real Madrid har da na benci, ban kuma ga laifinsu ba, abin da aka ajiye musu ke nan. Tambayi ɗaya daga cikinsu wa ya tsare wa Pillars raga a 2008 da ta fara cin gasar ƙasa, ka ga yadda zai yi shiru.

Pillars ta ci gasar nan sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Me zai hana a ware wasa ɗaya a kowace kaka a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a kira tsofaffin 'yan wasa da tsofaffin masu sharhi su fito tsakiyar fili a tafa musu, a ba su wani abu daga kuɗin ƙofa? Haka Jigawa Golden Stars. Gidajen rediyonmu kuma su riƙa ɗaukar tsofaffin 'yan wasa su zauna kusa da mai sharhi, domin wanda ya taɓa buga abin yana ganin abin da wani ba ya gani, kuma ɗan abin da za a ba shi zai rufa masa asiri. Kasakasan da suka rage a ɗakunan ajiya a juye su a kwamfuta kafin damina ta gaba ta cinye su.

Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka ba mai tsada ba ne. Ka buɗe shafi, ko sau ɗaya a wata, a riƙa zuwa ana hira da waɗannan mutane tun suna iya magana: tsofaffin 'yan ƙwallo, 'yan dambe da 'yan kokawa, masu shela, masu sharhi a rediyo. A ɗauki hotonsu, a naɗi muryarsu, a buga da Hausa. In za ka turo wakili wajenmu, ya zo ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, mota ba ta wuya. Akwai dattawa uku da suka yi dambe tare da marigayin da na ambata, ɗaya ya fara rasa ji, don haka kada a ja lokaci. Masauki da abinci suna wuyana, ni zan kai shi har ƙofar gidajensu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.